Ku Tambayi Kawu: Barden da ke kan teburinka, na tarihi ne ko na shaci-faɗi?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Tun da muka taɓo zancen masu tara 'yan ƙananan mutum-mutumin mahaya dawakin yaƙi na zamanin da, irin waɗanda ake yi daga kai zuwa ƙirji kawai a kafa kan ɗan katako, saƙo ya ƙi ƙarewa, ashe a Jos ɗin nan ma akwai masu wannan sha'awa, kowa dai ya ja bakinsa ya yi shiru da nasa a ɗaki. Ga waɗanda na tsamo, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Na yi odar wani sojan doki na Faransa ta intanet, an rubuta 200mm, ni kuma na ɗauko rula na ga santimita 20 ke nan har na share masa wuri a kan kanta. Da kaya suka iso na buɗe kwali sai ga ɗan abu da kaɗan ya fi yatsana tsawo, kuma gunduwa-gunduwa, ruwan toka, ko ɗigon fenti babu. An cuce ni ne? Daga ɗanka a Rayfield.

Amsa: Ba wanda ya cuce ka ɗana, lissafinsu ne haka. Wannan 200mm ɗin ba tsawon abin da ke cikin kwalin ba ne, tsawon da mutumin zai kai ne da a ce an yi shi cikakke tun daga kai har tafin ƙafa. Ɗauki namiji mai santimita 180 ka raba gida 9, ka ga 20 ke nan, shi ya sa wani kamfanin zai rubuta 200mm wani ya rubuta 1/9, wasu kuma 1/10 suke yi, shi ma ya fi yawa a kasuwa yanzu. To kai kuma kai da ƙirji kaɗai ka saya, dole ya tsaya wajen santimita 8 zuwa 10, in hular doguwa ce ya ɗan ɗara. In kana so ka gane ko sun yi sikelin daidai auna kan daga haɓa zuwa tsakar ka, na babban mutum wajen santimita 22 zuwa 23 ne, a 1/10 sai ka samu santimita 2 da 'yan kai. Masu cikakken jiki nasu awon daban, 54mm shi ne 1/32, 75mm shi ne 1/24, 120mm kuma kusan 1/16.

Batun gunduwa-gunduwa kuwa haka ake sayar da su, ko na Young Miniatures na Koriya ta Kudu ka saya, ko Pegaso na Italiya, ko Andrea na Sifen, duk kai za ka harhaɗa ka yi fenti. Hoton nan mai kyau da ka gani a jikin kwali aikin wani gwanin fenti ne da aka biya. Abin da aka zuba su da shi ana ce masa rezin, wata irin roba ce mai tauri mai saurin karyewa. Ka fara wanke shi da ruwa da sabulun wanke-wanke saboda akwai maiƙon da ake shafa wa mazubin, in ba ka cire shi ba fenti ba zai kama ba. Ka liƙa da sufa gulu, ka fesa farin shafe na ƙasa siriri, sannan ka shiga launi. In za ka goge wani wuri da sanfefa ka jiƙa ta da ruwa kuma ka sa takunkumi, ƙurar rezin ba ta da kyau a huhu ko kaɗan.

Tambaya: Malam, ni tsohon soja ne na yi ritaya ina zaune a Bukuru. Yarona da ke waje ya kawo min guda biyu an riga an yi musu fenti. Ɗaya sojan dokin Ingila ne na masu gadin sarki, jar riga da sulken ƙarfe mai walƙiya a ƙirji, an rubuta Waterloo 1815. Ɗayan na Faransa ne, farar riga da sulke ruwan zinariya da hula mai jan tozo, an rubuta 1805. Wani abokina ya gani ya ce duk biyun ƙarya ne. Ni na san yunifom ba abin wasa ba ne, shi ya sa nake so a warware min.

Amsa: Ranka ya daɗe Baba, abokinka ya faɗi gaskiya, sai dai ba mutanen ne ƙarya ba, shekarun da aka rubuta a ƙasansu ne suka ƙi yarda da kayan da ke jikinsu.

Mu fara da na Ingila. Rundunar da ake kira Life Guards ta yi yaƙin Waterloo ranar 18 ga Yuni 1815, wannan ba musu, amma ran nan ba sulke a ƙirjinsu, da jar riga kawai suka afka wa mahayan Faransa masu sulke. Farantin ƙarfen nan na gaba da baya da ake ganinsu da shi yau a ƙofar fada a Landan sai 1821 suka fara sa shi, lokacin naɗin Sarki George na huɗu. To wanda ya sassaƙa naka hoton fareti ya kalla ya ɗora masa sunan yaƙi don ya fi shiga kasuwa. Na Faransan kuma irin rundunar da suke kira karabiniye ne, runduna biyu ce kacal a sojan Napoleon, kuma a 1805, shekarar yaƙin Austerlitz, shuɗiyar riga suke sawa da doguwar hular gashin beyar, ba sulke. Sai da aka yi musu ɓarna sosai a yaƙi da Ostiriya a 1809 sannan Napoleon ya ba da oda a ƙarshen shekarar a sa musu sulken da aka lulluɓe da tagulla, da farar riga, da hular ƙarfe mai jan tozon nan. Ka ga naka ba laifinsa, in ka sa aka canza ɗan allon aka rubuta 1812 shi ke nan ya zama daidai. Na Ingilan ma haka, cire Waterloo ɗin kawai.

Kai da ka yi aikin soja ka fi ni sanin cewa kayan fareti daban kayan daji daban, kamar dai kayan Sallah da kayan gona, kuma a nan ne yawancin masu sassaƙa suke zamewa, don kayan fareti sun fi kyan fenti. Dubi rundunar Scots Greys ta Birtaniya masu kilin dawakai, su ma suna Waterloo, dogayen hulunansu na gashi a rufe suke ran nan da wani ƙyalle mai hana ruwa shiga, kuma an kwana ana ruwa ƙasa ta jiƙe sharkaf. Amma shahararren zanen nan da kowa yake kwaikwaya, wanda Lady Butler ta yi, ya nuna su hula a buɗe suna sukuwa kamar za su fito daga cikin allon, alhali a 1881 ta zana shi, shekara 66 bayan yaƙin, ita kanta sai 1846 aka haife ta. Haka zanen Napoleon a kan ingarma ya yi tsaye da ƙafa biyu yana haye duwatsun Alps a 1800, mutumin nan alfadari ya hau wallahi, mai zanen fada ne ya ba shi doki. Kusa da mu ma akwai misali, a Omdurman ta Sudan ranar 2 ga Satumba 1898 rundunar 21st Lancers, wadda Winston Churchill yake cikinta yana saurayi, da kaki suka yi sukuwarsu, shuɗin yunifom ɗinsu na gida yana can a akwati.

Saboda haka ni kafin in yaba kowane irin wannan abu uku nake tambaya, wace shekara, wace runduna, kuma fareti ne ko fagen fama. In mai sayarwa ya kasa amsa ko ɗaya to ado kawai yake sayarwa. Bayan nan sai ka matso da shi kusa da ido ka duba ƙananan abubuwa, don a sikeli 1/10 komai yana fitowa. Maɓallan rigar sojan Faransa na wancan zamani lambar rundunarsu ake bugawa a kai, in an ce maka runduna ta 5 ce ka ga 7 a maɓalli ka san an yi aron jiki. Lambobin yabo ma suna tona asiri, lambar girma ta Faransa mai jan ƙyalle a 1802 aka kafa ta kuma sai 1804 aka fara rabawa, to ba ta da hurumi a ƙirjin sojan da aka ce yana yaƙin Masar a 1798. Victoria Cross ta Ingila a 1856 aka ƙirƙiro ta, wanda aka ce yana tsakiyar sukuwar Balaclava a 1854 bai isa ya rataya ta ba tukuna, ko da daga baya an ba shi.

Ban ce a zubar da wanda bai dace ba fa. In ya yi maka kyau ajiye abinka. Abin da ba na so shi ne a rubuta shekara da sunan yaƙi a ƙasa, jikoki su zo su karanta su ɗauka haka aka yi.

Tambaya: Kawu na ga irin wanda ake sayarwa dala 60 a wani shago na intanet ana ba da shi ƙasa da dala 15, hoto iri ɗaya. In saya? Sannan ƙurar hunturu ta dame ni, kullum sai na goge. Daga ƙaninka a Farin Gada.

Amsa: Jabu ne ƙanena, kwafi ne. Sayen orijina ɗaya suke yi su zuba masa robar mazubi su yi ta fitar da ɗaruruwa, wanda ya ɓata watanni yana sassaƙawa ko sisi ba ya gani. Na san yadda dala take yanzu, ga kuɗin jirgi ga na kwastan, ba zan yi maka wa'azi ba, amma ka san abin da za ka karɓa. Kwafi yakan ɗan tsuke ya fi na asali ƙanƙanta, gashin baki da zaren kafaɗa da ƙwayar ido duk sai su dushe kamar an lashe su, ga 'yan ramukan iska a hanci da kunne, ga layin mazubi biyu maimakon ɗaya, kuma sau da yawa gaɓoɓin ba sa zama da juna sai ka yi ta cikewa. Mai son duba maɓalli da lamba ba abin da zai gani a jikin kwafi. Gara ka tara kuɗin ka sayi ɗaya mai kyau a shekara.

Ƙura kuma daina gogewa da tsumma, kana cin fentin ne a hankali, burushin kwalliya na mata mai laushi ya isa. Sa kafinta ya yi maka ɗan akwatin gilashi mai rufi. Kar ka ajiye a taga inda rana ke bugawa, kar ka bari a mota, zafi yana lanƙwasa takobi da mashi, ko da yake mu nan sanyin Jos ya rufa mana asiri, 'yan Abuja su ne da aiki. In takobin ya riga ya lanƙwashe tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci ka miƙar da yatsa ka sa a ruwan sanyi. Abu ɗaya da ba na wasa da shi, tsofaffin da aka zuba da farin ƙarfe, masu nauyin nan, haɗin kuza ne irin wadda aka yi ta haƙa a Bukuru da Barikin Ladi, amma da yawansu akwai dalma a ciki. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba sai an ce masa ya ɗauke su daga inda yaro zai kai baki ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Maigidana ne yake tara waɗannan abubuwa, ya jera su a falo. Surukata ta zo ta gani ta ce gumaka ne, ba za ta ƙara sallah a gidan ba sai an fitar. Shi kuma ya ce ai tarihi ne kuma rabin mutum ne ba cikakke ba. Ni ce a tsakiya. Daga 'yarka a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ni ba mai fatawa ba ne, amma zan gaya miki inda maganar kowannensu ta samo tushe don ki san ba wanda ya faɗa da ka. Hajiya tana da hujja, hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura yana cikin Buhari da Muslim, kuma malamai sun fi tsanantawa a kan sura mai jiki wadda take da inuwa. Maigidanki ma ba daga iska ya ɗauko tasa ba, malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar nan, sun ce haramcin yana tabbata ne in surar ta mai rai ce, mai inuwa, kuma cikakkiya da gaɓoɓinta, in an rage mata abin da ba za ta rayu ba sai da shi to ta sauka daga haramun, duk da cewa barinta ya fi. Wasu malaman kuma suka ce a'a, ai surar ita ce kai, muddin kai da fuska suna nan hukuncin yana nan ko da ba ƙafa ba ciki. An kuma yi rangwame a kayan wasan yara, saboda 'yan tsanan Nana A'isha, har da doki mai fukafukai a cikinsu kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito, sai dai maigidanki ba yaro ba ne balle ya fake a nan.

Shawarata su je wajen malamin da su biyun suka yarda da shi, shi da mahaifiyarsa, ke ki zame jikinki daga ciki. Kafin nan ya kwashe su daga falo ya sa a akwati mai rufi, don ko da a ce duk malaman duniya sun halatta, ɓacin ran uwa a kan roba ba riba. Kuma akwai masu wannan sha'awa da hulunan yaƙi kawai suke tarawa, ko sirdi da takubba na ƙaramin sikeli, ba fuska ba kai, tarihin yana nan rigimar babu.

Tambaya: Kawu ni ɗalibi ne a jami'a nan Jos, asalinmu Zariya. A gidanmu ana cewa kakan kakana ɗan lifidi ne a rundunar Sarkin Zazzau kafin zuwan Turawa. Na duba duk kamfanonin nan ban ga barden Hausa ko ɗaya ba, sai na biya wani mai zane a kwamfuta ya yi min don in buga da firinta mai fitar da abu da jiki. Ya turo min, ya yi kyau, amma rawani ne mai kunne biyu da alkyabba mai ƙyalli da wani takobi lanƙwasasshe irin na Larabawa. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me zan ce ya gyara?

Amsa: Madalla da kai ɗana, wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗinta, kuma zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Mutuminka hotunan hawan Sallah ya buɗe a intanet ya kwafa, wato ciwon da muka gama faɗa a kan Turawa shi ne ya kama mu, kayan hawa aka ɗora wa mutumin fagen fama. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa abin alfahari ne, har UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, amma abin da ake sawa yau ya sha canji, ya bi ta manyan hawan da aka shirya wa baƙi, na Yariman Wales a Kano a 1925, na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, na FESTAC a 1977, kuma yadin roba mai walƙiya da zaren ƙyalƙyali duk kayan kanti ne na baya-bayan nan.

Ka ce ya fara cire rawanin nan. Kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, ba a naɗa shi haka kawai, ɗan lifidi kwalkwali yake sawa, hula mai kauri da aka cusa wa tsumma, wani a lulluɓe ta da ƙarfe ko tagulla, a kafa gashin jimina a sama. Alkyabba ma ta tafi. Lifidin kansa shi ne aikin, yadi ne ninki biyu da aka cusa wa auduga ko audugar rimi aka bi da ɗinki layi-layi, saboda haka dole ya fito a kumbure, kafaɗa ta yi faɗi wuya ya nutse, layin ɗinkin ya lotsa ciki tsakaninsu ya taso, kuma kar ya yi shi santsi kamar an goge da dutsen guga, abu ne da ya sha zufa da ƙura. Kaurin nan shi ke tare kibiya mai dafi, shi ne kuma ya sa ɗan lifidi yake da nauyi, wuta kuma ita ce babbar abokiyar gabarsa. In kuma sulke za ka sa masa, ka lura da girman zoben. Zoben sulke na gaske bai fi santimita 1 ba, a sikeli 1/10 milimita 1 ke nan, amma masu zanen kwamfuta sai su yi shi ƙato kamar sarƙar ɗaure kare don ya fito a hoto. Sulke mai daraja kowane zobe da ɗan ƙusarsa aka dasa shi, kuma yawancinsa ta hamada aka shigo da shi, tsada gare shi, ba kowane mahayi ke da shi ba.

Takobi kuwa namu miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, da yawa ruwan takobin ma daga Solingen ta Jamus fatake suka kawo maƙeranmu suka sa masa ƙota, dukawa suka yi kube, kuma ba a ƙugu ake ɗaura shi ba, da hamila ake rataya shi a kafaɗa. Wannan ya yi maka daɗi tunda rabin jiki za ka yi, hamilar za ta ratsa ƙirji ta fito sosai. Kar ya manta layu da kambu a damtse, mayaƙin wancan zamani ba ya fita ba su. In akwai rigar da za ta leƙo ta ƙasa a yi ta launin saƙi ko baƙin shuni mai ɗaukar ido irin na marinar Kura, ba shuɗin kanti ba. Fuska kuma koma gida ka tambayi tsofaffi irin tsagar gidanku, wannan ba mai zanen da zai sani sai ku.

Shekara ma sai ka tsayar, don tarihin lifidi dogo ne. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Amma ba kowace runduna ba ce take da su a kowane lokaci. A Tabkin Kwatto a 1804 jama'ar Shehu Usmanu dawakinsu wajen 20 ne kawai, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, 'yan lifidin suna ɓangaren Sarkin Gobir Yunfa, to ka ga wanda ya sassaƙa barde cikin cikakken lifidi ya rubuta mujahidi 1804 ya sa shi a rundunar da ba tasa ba. Sai daga baya da daula ta kafu sarakuna suka tara 'yan lifidi, su ma 'yan kaɗan ne a gaban runduna, mafi yawan mahaya riga da rawani da garkuwa da mashi ne. Naka tunda kafin zuwan Turawa ne kaɗan, ƙarshen ƙarni na 19 za ka nufa, zamanin da ya ƙare da faɗuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, da sukuwar Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi, da Sakkwato ranar 15 ga Maris, da Burmi a watan Yuli.

Inda za ka samo abin nuna wa mai zanen, akwai zanen da Denham, wani Baturen Ingila da ya yi tafiya zuwa Barno, ya yi na masu gadin Shehun Barno cikin sulke da ya gani a 1823, da na mai mashin Bagirmi shi da dokinsa cikin lifidi, an buga su a 1826, suna da amfani amma ka tuna Barno da Bagirmi ne ba Zazzau ba, kuma masu gyaran hoton bugu a Landan sun sa hannunsu. Wanda ya fi shi ne ka shiga mota ka je Gidan Makama a Kano ka ga kayan yaƙin da idonka, in an ba ka izini ka ɗauki hoto ta gaba da ta gefe da ta baya, sannan in ka je gida Zariya ka nemi gidajen da suka gaji lifidi, har yanzu suna fita da shi a hawa, su za su nuna maka wanne ne tsohon ɗinki wanne ne na bana. In kana son ɗan bango a bayansa ba sai ka yi nisa ba, gidan tarihin Jos da Bernard Fagg ya buɗe a 1952 akwai sashen gine-ginen gargajiya a gefensa da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Kuma in wata rana ka ce za ka yi mahayin Filato, kar ka ɗora masa sirdi da likkafa irin namu, mahayan Birom 'yan gajerun dawakai suke hawa a zallarsu ba sirdi.

Tambaya: Kawu mahayan ƙasar Folan ɗin nan masu fukafukai biyu a baya, da gaske da su suke yaƙi? Daga 'yarka a Rikkos.

Amsa: Mahayan gaskiya ne 'yata, su ne suka yi babbar sukuwar nan a ƙofar Viyana ranar 12 ga Satumba 1683 ƙarƙashin Sarki Jan Sobieski, da dogon mashi mai rami a ciki da ya kai mita 5, manyansu da fatar damisa a kafaɗa. Fukafukan ma akwai su, katako ne aka jera wa gashin tsuntsu. Sai dai a tsofaffin zane-zane an fi ganin fiffike a ɗaure jikin sirdi, sau da yawa ma guda ɗaya, manyan nan biyu da suke lanƙwasowa ta saman kai daga bayan sulke sun fi yawa a zamanin baya da rundunar ta koma ta fareti da rakiyar jana'izar manya. In naki an rubuta masa shekarun 1600 na farko-farko kuma ga fukafukai biyu a gadon baya, ki bar su a kwali ki toshe ramukan kafin ki yi fenti.